Fuskar Inna a Bayan Ƙoƙo

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami, kuma a Kebbe aka binne cibiyata. A shekarun da nake ba da labarinsu, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, idan baƙo ya tsuguna a gabana don aski, kafin in gama jiƙa masa kai na san inda ya fito. Zanen fuskarsa ke gaya mini. Na san na Kabawa, na san na Gobirawa da na Zamfarawa, har nakan gane ko wanzamin da ya yi tsagar mai nauyin hannu ne ko mai tsoron jini. Da wannan nake taƙama a kasuwa, kuma na yi taƙamar har ta wuce kima.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba Bahaushiya ba ce. An kamo ta tana ƙaramar yarinya daga ƙetaren kogin Kwara, can ƙasar Bargu, aka yi ta wucewa da ita daga wannan hannu zuwa wancan har ta faɗo gidan kakana. A nan ta girma, ta koyi salla, ta koyi Hausa har ba ka jin tsamin baki a maganarta. Daga baya kakana ya 'yanta ta, ya aurar da ita ga ɗansa. Ba a zancen wannan a gidanmu, ita ma ba ta yi.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka akwai kunya tsakaninmu. Kowace uwa a garinmu tana kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fi ta kowa, kuma ina jin don kada a ce baƙuwa ce ba ta san al'ada ba shi ya sa ta riƙe abin haka. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Da safe nakan durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon bango, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Idan tana da magana da ni sai ta gaya wa matata, ko da kuwa ina zaune a tsakar gida ina jin komai. Matata 'yar Dogon Daji ce, bakinta ba ya ajiye magana, kuma aikin kai saƙon nan ya yi mata daɗi, don takan ƙara nata a kai.

Shekarar da mahaifina ya rasu, da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da Inna kwana tara. A cikin zafin ciwon ta riƙa magana da wani harshe da babu wanda ya taɓa ji a bakinta. Da ta samu sauƙi, matata ta tambaye ta, ita kuwa ta buɗe mata abin da ta rufe shekara fiye da hamsin. Ranar da aka kama ta, an aike ta rafi ne da ɗan tulu. Ba ta san sunan ƙasar ba sai da ta ji a bakin masu sayar da ita, sunan ƙauyen kuwa ya ɓace mata, gida kawai take ce masa. Ta tuna wani dutse babba a bayan gidaje, da itatuwan kaɗanya, da wanta da ke ɗora ta a wuya. Matata ta same ni ina wasa aska, ta tsaya a kaina ta ce:

"Ita ba komawa taka so ta yi ba. Cewa tay yi, da dai wani zai tafi shi shaida musu ba ta mutu ba."

Inna ba ta ce in je ba, ba kuma za ta taɓa cewa ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na yi ta juya ta har aka yanke gero, daga nan na ce zan tafi.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya fara tare ni. Ya ce ƙasar da ba a kiran salla, ƙasar da dakarun Musulmi ma suka taɓa suka janye, ita zan shiga ni kaɗai da zabira a kafaɗa? Ya ce da wane baki zan tambayi hanya, ni da ko Fillancin maƙwabtanmu ban iya ba sai gaisuwa? Na ba shi amsa da zafi, wadda bai kamata ɗa ya ba baffansa ba, kuma washegari na koma na durƙusa na ba shi haƙuri. Amma gaskiyarsa ce a kan harshen, kuma ita ta fi ba ni haushi.

A Tambuwal akwai wani tsohon farke da ya yi hanyar Gwanja sau bakwai, yana sayo goro, har gwiwoyinsa suka gaji ya zauna. Nakan yi masa aski duk ranar da na ci kasuwar can. Tafiyar yini ce cur daga Kebbe, kuma a kakar nan na yi ta sau biyar don in zauna a gabansa. Shi ya shimfiɗa mini hanyar. Ya ce in bi ayari daga Jega, in ƙetare Kwara da su a Illo, amma in sani ayari ba ya sauka daga turbarsa. Fatake zango suke kwana, da masu masauki suke magana, ba ruwansu da ƙauyukan da ke cikin daji, kuma babu madugun da zai tsayar da jakai ɗari don wani yana neman dangin uwarsa. Duk inda na rabu da su, na zama ni kaɗai, kuma mutum ɗaya a ƙasar da ba a san shi ba kaya ne da ke tafiya da ƙafarsa.

Ya ce kada in ɗauki jaki, kada in sa riga mai kyau, kada in riƙe kuɗin wuri fiye da na furar kwana biyu. In rataya zabirata inda kowa zai gani. Duk garin da na shiga in nufi ƙofar mai garin, in durƙusa, in fito da aska in ɗora a tafin hannu, in jira. Ya ce gashi dai ko'ina yana tsirowa, kuma mutumin da ya ba ka kansa ka aske da wuya ya sayar da kai a ranar. Wannan ya kwantar mini da hankali a kan ci da kwana.

Harshen ne ya gagara. Tsohon ya iya Dandanci, harshen da ake ciniki da shi a zango, Barganci kuwa kalmomi ne 'yan kaɗan a bakinsa, gaisuwa, ruwa, nawa ne, Allah ya ba ka haƙuri. Ya yi ta faɗa ina maimaitawa, yana dariya har yana share hawaye, wai harshena kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Na rubuta su da ajami a ɗan allo, amma in na karanta masa sai ya ce shi bai san wannan yaren ba. A gida kuma matata ta gwada ciro wani abu daga bakin Inna. Abin da ya rage mata bai fi ƙirga ɗaya zuwa biyar ba, da sunan ruwa, da sunan wuta, da wata 'yar waƙar daka da ita kanta ba ta san ma'anarta ba. Zazzaɓin da ya kawo sauran ya tafi da abinsa.

Ina hanyar komawa Kebbe wata rana dabara ta faɗo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da ita. Ba ni da sunan ƙauye, ba ni da harshe, amma akwai zanen fuskar Inna. Idan a nan zane yana faɗin garin mutum, can ma zai faɗa. Sai in zana shi a bayan ƙoƙo, in riƙa nunawa kasuwa kasuwa har in sami wanda zai miƙa hannu ya ce can ne.

Da na zauna da ƙoƙon da wuƙa sai hannuna ya tsaya. Na san akwai zane a fuskarta, na san yana da yawa, amma nawa ne, ta ina ya taso, ina ya tsaya, ban sani ba. Shekara talatin da 'yan kai ina gaishe ta kowace safiya, idona a ƙasa. Sai na sa matata ta je ta ƙare mata kallo ta zo ta faɗa mini. Ta yi sawu huɗu tsakanin ɗakin Inna da zaure, tana ƙirgawa da yatsu, tana zana mini a ƙasa da tsinke, tana mita wai tsufa ya cakuɗa komai. Abin da ta ba ni na ƙona a bayan ƙoƙon da bakin wuƙa mai zafi, na ɗauka sai Tambuwal.

Tsohon farken ya juya ƙoƙon, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, sannan ya ajiye.

"Wanga ba zanen Bargu ba na. Wanga ai zuben gidanku na, da wani abu cikinai da ban gane ba. Kai da kaka karanta fuskar kowa cikin kasuwa, ta uwakka ta ba ka sani ba?"

Akwai mutane a wurin, kuma sun yi dariya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin tsohon, na ji haushin matata, har na kai gida ina shirya faɗan da zan yi mata. Na kuwa yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita abin da ta gani ta faɗa, in ina da ido in je in duba da kaina. Muna wannan a tsakar gida ne, Inna tana ɗaki tana kaɗi, kuma na ji mazarinta ya tsaya.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Inna ta kira matata ta ce kanta ke ciwo, a nemo wanzami ya yi mata ƙaho. Matata ta tambaya ko a kira na unguwar gabas, wanda ya saba yi mata. Ina zaure, amma na ji amsar sarai.

"Gidan ga babu wanzami na?"

Ta fito ta zauna a tabarma a gindin rumbu, inda haske yake, ta zame mayafinta zuwa kafaɗa, ta rufe ido. Na durƙusa a gabanta. Na kafa ƙahon a gefen goshinta kamar yadda ake yi, na zuƙa, na toshe. Aikin ƙaho yana da jira, kuma ta san da haka.

Fuskar ƙarama ce, ban zaci haka ba. Na sa babban yatsa na miƙar da fatar kuncinta a hankali, tamoji suka baje, zanen ya fito. Matata ba ta yi ƙarya ba, zuben gidanmu ne, dogaye daga gefen ido zuwa bakin leɓe. Na gane hannun tun kafin in gama ƙirgawa, don yana da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, irin wadda mahaifina ya koya mini, ya ce haka nasa uban yake yi. Kakana ne ya tsaga ta. Kuma ba tsagar jariri ba ce, don tabon ya yi faɗi, a wurare biyu ma ya karkace, alamar wanda ake yi wa yana da ƙarfin fizgewa. A ƙarƙashinsu, in ka bi da yatsa, akwai waɗansu da suka riga su, sirara, sun kusa shafewa: gajeru uku a kwance a kan kowane kunci, da ɗaya doguwa da ta taso daga karan hanci ta gangara hagu.

Har yau ban yanke wa kakana hukunci ba. Wataƙila ya yi ne don ta zama 'yar gida, kada a riƙa nuna ta. Wataƙila kuma don kada wani nata ya gane ta in ya biyo sawu. Na san shi mutum ne mai ba yara ƙuli-ƙuli, na kuma san abin da yatsana ya taɓa. Baƙin ciki ya kama ni a wurin, har na manta da ƙahon sai da ya saki da kansa. Inna ba ta buɗe ido ba, amma hawaye ya biyo ɗaya daga cikin zuben ya sauka a hannuna.

Na sami sabon ƙoƙo na zana tsofaffin kaɗai. Wannan karon tsohon farken bai yi dariya ba. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a fuskar mata masu kawo man kaɗe zango, kwana biyar ko shida bayan an ƙetare ruwa, ta hannun hagun turba. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ya ishe ni.

Saura abu ɗaya. In Allah ya kai ni, yaya zan ce musu tana raye? Na yi ta tunani ban samu ba. Inna ce ta warware, ta hanyarta. Ranar da zan tashi, bayan na gaishe ta, ta miƙo wa matata wani ɗan ƙulli ta ce a ba mai tafiya. Kitso ɗaya ne ta yanke daga kanta, fari fat. Ni wanzami na san abin da hakan ke nufi, don a garinmu ko tsinken gashi mutum ba ya bari a ƙasa, tattarawa yake ya binne saboda masu mugun nufi. Ta ce wa matata, yarinya suka rasa, in sun ga furfura za su san ta rayu har ta tsufa. Dukanmu muka ga dabarar ta yi, har baffana ya gyaɗa kai.

Tafiyar ta kasance kusan yadda tsohon ya faɗa. Na rabu da ayari a zango na shida bayan Illo. Wata biyu na yi ina bin kasuwannin ƙauye, ina aski, ana ba ni doya da wurin kwana. Gaisuwar da na haddace dariya kawai take jawowa, amma dariyar ma ta yi mini amfani. Ƙoƙon kuwa ya yi aikinsa. Wani ya duba ya girgiza kai, wani ya nuna yamma da leɓe, har ranar da wata mai man kaɗe ta karɓa, ta ɗaga shi kusa da kuncinta, na ga zane ɗaya ne. Ta kama ni a wuyan hannu kamar ɗan akuya, muka yi tafiyar rabin yini, sai ga dutse a bayan gidaje.

Aka tara tsofaffi. Na nuna ƙoƙon, na nuna tsawon ƙaramar yarinya da hannu, na ɗora tulun da babu a kaina, na nuna rafi, sannan na nuna gabas mai nisa, na dafa ƙirjina. Suka yi ta magana a tsakaninsu. Can aka riƙo wani tsoho mai dogon wuya, ya tsuguna ya dube ni tun daga goshi har haɓa, ya kama kunnena ya juya, ya faɗi wata kalma ɗaya sau uku, mata suka ɗauka. Na tabbata sunanta ne, shi kuma raina ya ba ni wanta ne. Murna ta cika ni, na kwance ƙullin na ɗora masa kitson a hannu.

Tsohon ya kurma ihu ya faɗi zaune. Kafin la'asar an fito da ganguna, an yanka akuya, mutane suna ta shigowa daga wasu ƙauyuka. Na ɗauka bikin murna ne, har ina washe baki. Sai da na ga an naɗe kitson a ƙyalle, ana haƙa rami a ƙofar wani ɗaki, sannan na gane. A al'adarsu, wanda ya mutu a nesa gashinsa ake kawowa gida a binne. Na tashi ina ihu da Hausa cewa tana nan da ranta. Na kwaikwayi cin tuwo, na kwaikwayi kaɗi, na yi tafiyar tsohuwa da sanda, na nuna gabas har kafaɗata ta yi ciwo. Suka ɗauka zafin rashin uwa ne ya taɓa ni. Maza biyu suka riƙe ni suna shafa mini baya, tsohon ya rungume kaina yana kuka, ni ma daga ƙarshe kukan na yi, don ba ni da sauran abin yi. Kwana uku aka yi ana makokin.

Na iso Kebbe ana shirin shuka. Na tarar da Inna da ranta, ta ɗan ƙara ramewa. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, ina ba matata labarin dutsen da kaɗanyu da tsohon mai dogon wuya tana kai mata. A na uku na ga ba zan iya riƙe sauran ba. Na je na durƙusa a bakin ƙofarta, matata ba ta nan, na faɗi komai ina kallon ƙasa, na ce aiken da aka yi mini na juya shi, na je in ce tana raye na bar su sun yi mata kabari.

Da ta yi magana, da ni ta yi, ba da bango ba.

"Cikin gida sunka sa shi, ko bayan gari?"

"Cikin gida, Inna. Bakin ƙofar ɗaki."

"Shi tsohon, ya yi kuka?"

"Kwana ukku shina yi."

Ta jawo kwandon audugarta, ta ɗauki mazari, ta murza shi a cinya.

"To, bar su hakanan. Kak ka koma gyara musu."

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Da ta rasu muka yi mata sutura muka kai ta maƙabartar Kebbe, kusa da mahaifina. Jama'a sun taru sosai, amma a cikinsu ni kaɗai ne na tsaya a jana'izarta duka biyu.